Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamanmu da malaman ruƙiya, a kan ciwon hawa da sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah Ya gafarta malamai, Ya ja kwana. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shadda da atamfa nake sayarwa, karatuna kuwa bai wuce na zaure ba, ɗan abin da zan gyara salla da shi. Don haka ban zo koya muku addini ba, wane ni. Na zo ne da wani ciwo da nake ɗauke da shi shekara 11, wanda likitoci ke kira baifola, ina roƙon ku taya ni yi wa mutane bayaninsa. Ni na yi har bakina ya gaji, kuma na lura kalma ɗaya daga bakinku ta fi dubu daga nawa.

Ku na nufa ban nufi gwamnati ba, saboda a gidajenmu idan mutum ya sauya, ya daina barci ko ya daina magana, ba wanda ke tunanin yankar kati. Uwa mayafinta take ɗauka ta nufi zauren malam. A shekara 4 na farkon ciwona an kai ni wurin malamai sun fi 10, daga cikin birni har ƙauyukan da sai an hau babur, likita kuwa ko ɗaya bai gan ni ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Yawancinsu tsakani da Allah suka yi, wasu ko sisi ba su karɓa ba. Amma abin da aka faɗa wa mahaifiyata a zaman farko shi ya ja mana shekarun nan.

Ina da shekara 23 abin ya fara, a goman ƙarshe na azumi. Barci ne ya fara ɗaukewa. In kwanta awa 2, in tashi garau kamar wanda ya kwana ya yini yana hutawa. Na riƙa raba dare a masallaci, na sauke Alƙur'ani cikin kwana 3, abin da ban taɓa yi ba. Dattawan sahun gaba suna nuna ni suna cewa, “Kai, Allah Ya shiryi yaron nan.” Ni ma haka na ɗauka. Aka yi salla, kowa ya koma barcinsa, nawa bai dawo ba. Magana ta ɓalle mini kamar famfon da kansa ya cire, in fara zancen farashin shadda in ƙare a yadda zan gina asibitin kyauta a kowace unguwa, kuma duk wanda ya katse ni sai ya ga ɓacin raina. Na sayi waya 3 rana ɗaya. Na ɗebi turame a shagon maigidana na rarraba wa masu gadi da 'yan dako, ina ce musu kwanan talauci ya ƙare. Har zuwa nan wasu cewa suke yi kyauta ce ta yi mini yawa. Sai ranar da na karɓe lasifika daga hannun ladan bayan kiran assalatu, na shiga sanar da unguwa cewa an zaɓe ni in gyara al'umma, sannan aka ce, to, wannan fa ba shi kaɗai ba ne.

Akwai abin da ya faru a ɗakin ruƙiya da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai likitana da maiɗakina. Ƙarti 4 suka danne ni, malam yana karatu a kunnena, can sai ya daka tsawa, “Wane ne kai? Faɗi sunanka!” Sai na ba shi suna. Ya ce daga ina, na ce daga bayan dutsen Dala. Ya ce ku nawa ne, na ce mu 70. Allah ne shaidata, ni ne nake maganar, ina sane, kuma daɗi nake ji yadda ɗaki ya yi tsit kowa ni yake saurare. A wannan halin ko sunan sarkin birnin Sin aka tambaye ni da na ƙirƙiro na bayar, don bakin ba ya iya yin shiru. Ban ce babu aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su, sura guda ma da sunansu take. Shaida nake bayarwa a kan abin da ya faru da ni: amsar da aka ji a ranar daga ciwo ta fito. Mahaifiyata tana bakin ƙofa tana ji, kuma wannan “mu 70” ɗin ya zauna mata a rai shekara da shekaru.

Bayan kamar wata 2 abin ya lafa. Haka ciwon yake, ko ba a yi masa komai ba yakan sauka don kansa bayan makonni ko watanni, sai faɗuwa ta zo daidai da zama, duk wanda aka je wurinsa a ƙarshe ya kwashe yabo. Aka yi sadaka, aka ce an rabu da su. Ashe rabin ciwon kawai aka gani.

Ɗaya rabin ba shi da hayaniya, shi ya sa ba wanda ya kira shi ciwo. Wata 5 ina kwance a ɗaki. Wanka ya zama mini kamar dakon buhun siminti. In ji kiran salla, in san wajibi ce, in kasa ɗaga ƙafa, sai in yi ta kuka ina cewa Allah Ya yi fushi da ni. Abinci ba ɗanɗano. Ga bashin turamen mutane, ga kunyar lasifika, yara suna kwaikwayon muryata a lungu. Masu zuwa dubiya kuwa nasiha suke kawowa: ka yi tawakkali, ka yawaita istigfari, wasu sun fi ka shiga uku ba su kwanta ba. Wani kawuna ya ce lalaci ne kawai, a daina kai mini abinci ɗaki a ga ko yunwa ba za ta fito da ni ba. Kowace nasiha ƙara tabbatar mini take yi cewa ni lalatacce ne. A watannin nan na yi tunanin mutuwa fiye da yadda zan iya rubutawa a nan. Daga baya likita ya gaya mini masu wannan ciwo suna cikin waɗanda haɗarin kashe kai ya fi yawa a kansu, musamman a wannan ɓangaren na shiru. Don Allah, idan wani ya ce muku ya gaji da rayuwa, ku ajiye ayar azaba zuwa wani lokaci. A daren nan kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kun ga inda gizo ke saƙa, malamai. Fuskokin nan biyu duka da rigar addini suke zuwa mana. Idan ya hau, farkonsa kama yake da shiriya: tsayuwar dare, kyauta, wa'azi. In ya yi ƙamari a ce aljani. Idan ya sauka kuma a ce raunin imani. Ko ta ina aka juya, ƙofarku ake bugawa.

Bari in faɗi abin da likitoci suka sanar da ni, daidai fahimtata. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke taɓa ma'aunin kuzari da barci da farin ciki. Ba a nufin mutumin da ke dariya da safe ya ɗaure fuska da yamma, wannan hali ne, kowa da nasa. Kafin likita ya kira abu hawa, sai ya ɗauki aƙalla mako guda yana kan mutum kusan kullum, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da shi. Saukar kuma aƙalla mako 2. Akwai masu ƙaramin hawa, na kwana 4 ko fiye, wanda ba ya kai su ga karɓe lasifika, sai dai a ga sun cika kuzari da surutu da kashe kuɗi. Irin waɗannan sukan daɗe ana ba su maganin ciwon damuwa kawai, alhali shi kaɗai yana iya tunzura hawan. Tsakanin tashi da tashi mutum lafiyarsa ƙalau, watanni ko shekaru, ya yi cinikinsa, ya koyar a aji, ya ja salla ma in ya iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a duniya, kusan babban mutum 1 cikin 150. Ku auna wannan da sahun masallacin Juma'arku. Yawanci yana farawa ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai, maza da mata kusan daidai. Yana bin jini, amma ba yadda ake tsoro ba, mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa samunsa. Abin da ke tayar da shi kuwa, rashin barci ne kan gaba, sai tashin hankali, haihuwa, da shaye-shaye. Na ambaci shaye-shaye don gaskiya ne wiwi da ƙwayoyi suna tayar da shi, amma ni ko sigari ban taɓa sawa a baki ba, kuma na sha rantsuwa a kan haka kafin a yarda.

Wahalar farko wajen bayani ita ce suna. In na ce baifola, sai a ce me? In na ce ciwon damuwa, rabi na faɗa. In na ce taɓin hankali, shi ke nan an gama saurarona, hoton da ke zuwa wa mutum shi ne na mai yawo tsirara a kan bola. Sai na koma kiransa ciwon hawa da sauka. Ranar da na zauna yi wa Hajiya bayani bayan an sallamo ni daga asibiti, na rasa ta inda zan fara, sai idona ya faɗa kan sitabilaizar da ke gefen firjinta, wadda aka sayo bayan wuta ta ƙona tsohon. Na ce, “Hajiya, kin san halin wutar nan. Wata rana ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya, wata rana ta zo ƙasa-ƙasa ko fanka ba ta juyawa. Haka kaina yake. Maganin da suka ba ni aikin wannan akwatin yake yi.” Ta yi shiru tana kallon akwatin, ta ce ta gane. Can kuma sai ta ce, “To amma wa ya yi maka?”

A kan wannan tambayar duk bayanina ke karyewa. Mu ba mu cika tambayar mene ne ba, wane ne muke tambaya. Kuma an riga an ba ta amsa tun da daɗewa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kai ni wurinsu ya buga ƙasa ya ce aikin daga cikin gida ne, mace ce, doguwa. Gidanmu kuwa doguwar mace ɗaya ce, abokiyar zaman Hajiya, wadda ta goya ni ina jariri. Daga ranar suka daina ga maciji. 'Ya'yanta, ƙannena uba ɗaya, suka ɗauke ƙafa daga ɗakinmu. Ta rasu ban samu bakin ba ta haƙuri yadda ya kamata ba. Na san da yawanku kuna yaƙar masu duba a kan mumbari, Allah Ya saka da alheri. Amma ko a ɗakin ruƙiya ana tambayar “wa ya turo ka”, kuma na gaya muku irin bakin da ke amsawa.

Wanda ya fitar da mu limamin unguwarmu ne, dattijo mai ƙaramar murya. Karo na uku da ciwon ya motsa, Yaya ya je neman shawararsa a kan wani malami da ake yabo a wata jiha. Liman ya ce, “Kwana nawa ke nan bai yi barci ba?” Yaya ya ce 9. Ya ce, “Wancan karon ma da haka ya fara?” Ya ce e, Allah Ya gafarta malam. Sai liman ya ce, “Aljanin da ke zuwa da ƙa'ida irin wannan, ku bari likita ya gan shi tukuna. Ni zan bi ku da addu'a.” Bai tsaya nan ba, ya shiga adaidaita sahun tare da mu, yana riƙe da hannuna yana karatu har bakin asibiti. Ba don rawaninsa ba da ban shiga ba, Hajiya ma da ba ta yarda ba. A daren farko aka yi mini allura na yi barcin awa 14. Sati 3 na yi a kwance.

Maganin da aka ɗora ni a kai sunansa litiyam, wani nau'in gishiri ne da wani likita a Ostireliya, John Cade, ya gano amfaninsa ga wannan ciwo a 1949, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi dogara da su. Akwai wasu, kamar waɗanda ake rubuta wa valproate ko olanzapine a jikin kwali, kowa da wanda ya karɓe shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce daɗi ne da shi ba. Hannuna yana ɗan rawa in ina auna yadi, ƙishirwa ba ta barina, duk bayan 'yan watanni sai an ɗebi jinina an auna yawan maganin, an duba ƙoda da ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Ga tsada. Kuma ba ya kore ciwon gaba ɗaya, riƙe shi yake yi, kamar maganin hawan jini ko na suga.

Nan ne mutane ke zamewa, nan ni ma na zame. Shekara 3 ina lafiya, na yi aure, na buɗe shagon kaina. Sai wani bawan Allah mai wa'azi, da na yi wa bayani da zuciya ɗaya, ya ce, “Kai da Allah Ya warkar, me kake yi da ƙwayoyin Nasara? Wannan ai rashin yaƙini ne.” Maganar ta shige ni, don dama zuciyata tana so. Zan faɗi abin da masu ciwon ba su cika faɗa ba: muna kewar hawan. Wanda ya taɓa jin kansa sarkin duniya, zaman daidai yakan yi masa lami. Na ajiye magani ban gaya wa kowa ba. Ban cika wata 3 ba ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Likitana ya ce yanke litiyam farat ɗaya yana cikin abubuwan da suka fi saurin dawo da shi. A wannan tashin ne na rubuta wa maiɗakina saki uku a bayan rasit ɗin shago, tana da cikin wata 6, saboda ta ɓoye makullin mota. Ban tuna rubutawar ba sai da aka nuna mini rubutun hannuna.

Ku kun fi ni sanin hukuncin. Kun san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo, kun san sakin wanda ba ya cikin hankalinsa ba ya aukuwa. Amma sai da aka yi wata 2 ana ja, domin danginta cewa suke yi, mutumin da ke tuƙa mota, ya rubuta takarda da hannunsa ba kuskure ko ɗaya, ta yaya za a ce ba ya cikin hankalinsa? Tambayarsu tana kan hanya. Mai wannan ciwo a lokacin hawa ba ya mance sunansa ko hanyar gidansu, bakinsa ma ya fi na kullum kaifi. Birki ne ke tsinkewa. Sai da aka haɗa takardar likita da bayanin malamai sannan aurena ya tsira. Ina roƙonku, idan irin wannan ta zo gabanku, saki ne ko kyautar gida ko cinikin gona, ku nemi jin ta bakin likita kafin ku yanke. Ban ce kowa ya yi ɓarna ya fake da ciwo ba, shi ya sa na ce takarda. Ni kaina kuɗin turamen maigidana sai da na biya su tas, shekara 2 ina biya, duk da ya ce ya yafe.

Wani abin kuma da ke biyo bayan bayani, wanda ban zata ba: da zarar mutane sun sani, shi ke nan ba ka da ikon yin fushi irin na kowa. In yaron shago ya yi mini asara na ɗaga murya, sai in ji ana raɗa, “Ya sha maganinsa kuwa?” In na yi raha a majalisa, wani ya ƙura mini ido. Shi ya sa da yawanmu ke zaɓar shiru, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni namiji ne, an yi mini uzuri. Na mata ya fi muni. A layin ganin likita na haɗu da waɗanda ciwon ya fara musu a cikin jego, kwanaki kaɗan bayan haihuwa, aka ce iska ce ta buge su a wurin wanka, aka yi ta hayaƙi, kafin arba'in takarda ta biyo baya. Makonnin farko bayan haihuwa suna cikin lokuta mafi haɗari ga mace mai wannan ciwo, ga jariri ba ya bari a rintsa. Mace mai shan magani kuma ta shirya ɗaukar ciki tare da likitanta, domin valproate musamman yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Kada ta yanke da kanta, kada kuma miji ya yanke mata. Masu zuwa muku da maganar aure, ku ce su faɗi gaskiya kafin a shafa fatiha. Ni na faɗa, gida biyu suka mayar mini da kayana, na uku mahaifin yarinyar ya ce in kai shi wurin likitana ya ji da kunnensa. Wannan zuwan da ya yi ne ya sa ranar da ta ɓaci shi kaɗai ya tsaya mini a danginsu.

Sai azumi, wanda shi ya fi damuna duk shekara. Litiyam ba ya shiri da ƙishirwa. Idan ruwan jiki ya ragu, maganin yana taruwa a jini har ya zama guba, ga azumin shekarun baya-bayan nan ya faɗo a zafin Maris da Afrilu. Ko maganin ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, da ake saya a kemis kamar gyaɗa, yana ƙara wannan haɗarin. Wasu likita kan gyara musu lokacin shan magani su yi azuminsu lafiya, wasu ya ce su ajiye. Wanda aka ce ya ajiye kunya ke hana shi, don ba a ganin ciwonsa a fuska. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, bai ce sai wanda ke kwance ana yi masa ƙarin ruwa ba. Ku faɗa a wurin tafsiri, ku ambaci ciwon da sunansa, don mai shi ya ji. Tahajjud kuma, ni yanzu tarawihi nake yi in tafi in kwanta, ƙarfe 10 a gado take samuna ko ana ha maza ha mata. Na ji ana cewa wane ya yi sanyi, da shi ne a sahun farko. Ba su san tsayuwar da suke yabo ta nan ciwona ya shigo ba. Abin yana yi mini ciwo, don ina son dararen nan, in na jiyo ƙira'a daga lasifika sai in ja bargo in toshe kunne.

Kada wani ya ce muku wannan ilimin baƙo ne a wurinmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. A ƙasar nan ma, Farfesa Adeoye Lambo da ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta a 1954 bai kori masu maganin gargajiya ba, jawo su ya yi aka yi aiki tare, don ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Ku kuwa ga hadisi a hannunku cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ni da bismilla nake haɗiye ƙwayata, in karanta Falaƙi da Nasi in tofa in shafa, ban ga inda suka yi karo ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, wasunsu ma ficewa waje suke yi. Limaman Juma'a na jihar Kano kaɗai sun fi su yawa. Duk da haka wuraren zuwa akwai: Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano a nan, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Shika a Zariya. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Sai dai doka ba ta shiga zaure, ku kuke shiga. Duk mun ga hotunan Rigasa a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa, sannan na Daura bayan 'yan makonni. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, don ba wanda ya nuna musu wata ƙofar. Ni ma akwai daren da aka ɗaure ni da igiyar guga a wani ƙauye, tabon yana nan a wuyan hannuna, agogo nake rufe shi da shi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ranar 30 ga Maris ce aka ware a duniya don wannan ciwo. Juma'ar da ta fi kusa da ita, ku ba shi ko minti 10 ne a huɗuba, ku kira shi ciwo, da bakinku. Ku rage jifan wanda kuka saɓa da shi da kalmar “mahaukaci” a wa'azi, muna cikin sahu muna ji. In kuma aka kawo muku wani yana surutu ba birki, yana rabon abin da ba nasa ba, ku yi masa addu'a yadda kuka saba, amma kafin a tambayi aljani sunansa, a yi wa uwar yaron tambayar limaminmu: kwana nawa ke nan bai yi barci ba? Ya taɓa yin haka a baya? Ya taɓa kwanciya watanni ya kasa tashi? In amsa ta zo daidai, ku ce a tafi asibiti yau, in da hali ku haɗa su da ɗalibinku ya raka su, don uwar da ta ga ɗalibin malam a gaban mota ba za ta ji kamar ta bar Allah ta kama Bature ba.

A gidana yanzu maiɗakina ce ke riƙe da wannan tambayar. Mun yi yarjejeniya tun ina lafiya, a rubuce, Yaya da liman suka sa hannu: in na kwana 2 a jere ban yi barcin awa 5 ba, katin banki da makullin mota su koma hannunta, ta kira likita ko ina so ko ba na so. Sau 2 aka ɗauko takardar. Duk biyun na yi faɗa, na ce ban taɓa jin daɗin jikina irin na yau ba, kuma duk biyun a gida aka shawo kan abin da ƙarin maganin da likita ya rubuta, ba lasifika, ba rasit. Liman ya rasu bara waccan, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Na je na karɓo kwafin takardar da ke wurinsa daga hannun babban ɗansa, tana nan a durowar shago, ina neman wanda zan kai wa a cikinku.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani ɗan kasuwa daga Kano